Ibn Sina da Man Tsirrai Masu Ƙamshi

Idan ka taɓa tauna kanumfari saboda ciwon haƙori, ka ji bakinka ya yi sanyi kamar an kashe wurin, to ka riga ka gamu da abin da za mu yi magana a kai. A cikin wannan ɗan ƙaramin kanumfari akwai wani mai mai ƙarfin ƙamshi, kuma shi ne ya yi maka wannan aiki. Irin wannan mai yana cikin na'a-na'a, da kirfa, da daddoya, da kimba, da ɓawon lemo, da furen wardi. Yau ana sayar da shi a ƙananan kwalabe a kasuwanni da shagunan magungunan gargajiya, kuma sau da yawa mai sayarwa zai jingina maganarsa ga sunan mutum ɗaya, Ibn Sina. Saboda haka ya dace ka san ko wane ne shi, da abin da ya yi, da abin da aka jingina masa, domin rayuwarsa tana da abin faɗa wa duk mai kwalbar mai a ɗakinsa.

Sunansa Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi ɗan Sina. An haife shi a wajen shekarar 980, wato 370 bayan Hijira, a ƙauyen Afshana kusa da birnin Bukhara, a ƙasar da yau ake kira Uzbekistan. Mahaifinsa mutumin Balkh ne, ma'aikacin gwamnatin Samaniyawa. Labarin ƙuruciyarsa daga bakinsa aka samo shi, domin shi ya shifta wa almajirinsa Abu Ubaid al-Juzjani, almajirin kuma ya ƙarasa sauran bayan rasuwar malaminsa. A cikin wannan labari, ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 10. Lissafin Indiyawa a wajen wani mai sayar da kayan miya ya koya. Wani malami mai suna al-Natili ya sauka a gidansu ya fara koya masa manɗiƙi, ba a jima ba ɗalibi ya wuce malami. Ya shiga karatun likitanci, kuma kafin ya wuce shekara 16 manyan likitoci suna zuwa ɗaukar karatu a wurinsa. Shi a ganinsa likitanci ba ya cikin ilimai masu wuya. Za ka iya cewa akwai ji da kai a wannan magana, kuma gaskiya ne, Ibn Sina bai taɓa zama mutum mai ƙanƙan da kai a fagen ilimi ba.

Ƙofa ta buɗe masa lokacin da Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, ya kwanta rashin lafiya. Aka kira yaron cikin likitocin da za su duba shi, sarki ya samu sauƙi, shi kuma ya roƙi izinin shiga ɗakin karatun fada. Ya tarar da ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da fanninsa, littattafai a cikin akwatuna an ɗora wani kan wani. A nan ya karanta abin da likitocin Girka da na Bagadaza suka bari. Wannan zaman lafiya bai daɗe ba. A shekarar 999 daular Samaniyawa ta faɗi, mahaifinsa ya rasu bayan 'yan shekaru, daga nan ya shiga yawo daga fada zuwa fada. Ya zauna a Gurganj, ya ratsa garuruwan Khurasan, ya isa Jurjan kusa da tekun Kasfiya. A Jurjan ya haɗu da al-Juzjani, kuma a nan ya fara rubuta littafin da ya sa likitoci ba su manta da shi ba, al-Ƙanun fi al-Ɗibb.

Littafin kashi biyar ne, amma na biyu shi ya shafe mu. A cikinsa ya jera magunguna ɗaiɗaiku kimanin 800, yawancinsu tsirrai, ya faɗi siffar kowanne, da yadda ake gane mai kyau, da aikinsa a jiki, da abin da za a iya sa wa a madadinsa idan ba a samu ba. Wardi yana ciki, haka kanumfari, kirfa, na'a-na'a, za'afaran, kafur, sandal da habbatus sauda. Ya rarraba su bisa tsarin likitocin zamaninsa na zafi da sanyi, danshi da bushewa. Kanumfari mai zafi ne a wurinsa, wardi mai sanyaya jiki. Daga baya a Hamadan ya rubuta wani ƙaramin littafi a kan magungunan zuciya, inda ya ba wa abubuwa masu ƙamshi babban matsayi, domin yana ganin ƙamshi yana ƙarfafa zuciya ya kawar da baƙin ciki.

Shi ne ya ƙirƙiro tatsar mai da tururi?

Za ka ga an rubuta a wurare da yawa cewa Ibn Sina ne mutum na farko da ya tatso man wardi ta hanyar tururi. Ka yi hattara da wannan magana. Tun kafin a haife shi ana tatsar ruwan wardi a ƙasashen Musulmi. Al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza fiye da shekara 100 kafin shi, yana da littafi sukutum a kan haɗa turare da tatsar ruwan furanni, mai ɗauke da haɗe-haɗe sama da 100. Garin Jur a yankin Farisa ya yi suna da ruwan wardi, har Ibn Khaldun ya kawo cewa a zamanin Abbasiyawa ana aika kwalba 30,000 na ruwan wardi daga Farisa zuwa baitulmali duk shekara. Abin da Ibn Sina ya yi shi ne ya ɗauki wannan kaya da ke hannun masu turare ya ba shi gurbi a cikin tsararren ilimin magani. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata ka riƙe. Man wardin da likitocin wancan zamani suka fi amfani da shi, jiƙa furen ake yi a cikin man riɗi ko man zaitun har ya ɗauki ƙamshi. Wannan mai sauƙin ƙarfi ne, ana shafa shi a kai da jiki. Ba ɗaya suke da tataccen man da ke cikin ƙaramar kwalbar yau ba.

Yadda ake tatsar kuwa bai canza sosai ba. Ana zuba fure ko ganye a tukunya da ruwa, a hura wuta. Tururi ya tashi ɗauke da man, ya bi ta bututu mai sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga a wani mazubi. Man ya taso sama, ruwan ya zauna ƙasa. Wannan ruwa shi ne ruwan wardi da ake sa wa a abinci da turare. Man kuwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai: ana buƙatar furen wardi tan uku zuwa biyar kafin a samu kilo ɗaya. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ɗigo ɗaya na tataccen mai ba daidai yake da ganye ɗaya a cikin shayi ba.

Abin da ke cikin man

Ibn Sina bai san sinadaran da ke ciki ba, kuma babu wanda ya san su a zamaninsa. Sai a ƙarni na 19 masana suka fara rarrabe su, kuma wani Bajamushe mai suna Oto Walak ya samu kyautar Nobel a 1910 saboda aikinsa a kan wannan rukuni na sinadarai. Abin da aka gano shi ne kowane mai haɗin sinadarai ne masu yawa, wani lokaci fiye da 100, amma biyu ko uku ne ke rinjaye. A man kanumfari, sinadarin yujinol ne ke ɗaukar kashi 70 zuwa 90 cikin 100. A na'a-na'a mai yaji mentol ne, a kirfa sinamaldehaid, a za'atar taimol ko kabakurol, a ɓawon lemo limonin. Man wardi ya fi ɗauke da sitironelol da jeraniyol. Mafi yawansu daga iyali ɗaya suke, wanda ake kira tafin, kuma ƙanana ne marasa nauyi, shi ya sa suke tashi cikin iska hancinka ya kama su. Idan ka ɗiga man gyaɗa a takarda tabon zai zauna, amma yawancin waɗannan za su bushe su tafi.

Tsiro ba don mu yake yin wannan mai ba. Yana yin sa ne don ya kori ƙwari, ya hana fumfuna da ƙwayoyin cuta cin sa, ya kuma jawo ƙudan zuma zuwa furensa. Makami ne, kuma shi ya sa yake iya kashe ƙwayoyin cuta. A 1887 Shal Shambalan, abokin aikin Luwi Pasto a Faransa, ya wallafa gwajin da ya yi na irin waɗannan mayuka a kan ƙwayoyin cuta, kuma tun daga nan ake maimaita irin gwajin a ɗakunan bincike. Sinadarai kamar taimol, kabakurol da yujinol suna son maiƙo, fatar da ta lulluɓe bakteriya kuwa da maiƙo aka gina ta. Sai su kutsa cikinta su huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu. Bakteriyar da ke da ƙarin fata ta waje, irin masu kawo gudawa da ciwon mafitsara, sukan fi jurewa.

Ɗaya aikin da ake yawan tallata su da shi shi ne hana abin da za mu kira tsatsar jiki. Ka ga yadda ƙarfe ke tsatsa, ko yankakken gauta ya yi duhu, ko man gyaɗa ya daɗe ya canza wari. Iskar oksijin ce ke jawo duk wannan, kuma irin haka yana faruwa a ƙwayoyin halittar jiki. Yujinol da taimol suna iya tare wannan lalacewa. A ɗakin bincike ana gwada su da wani ruwa mai launin shunayya, idan man yana da ƙarfi sai launin ya koɗe ya koma rawaya. Man kanumfari yakan yi fice a wannan gwaji. Abin ban dariya, wasu mayukan su kansu suna tsatsa. Man lemo da na lafanda idan suka daɗe a buɗe, ko a rana, sinadaransu kan juye su zama masu jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fata.

Sharuɗɗansa na gwada magani

A nan ne Ibn Sina ya fi amfani gare ka, fiye da jerin magungunansa. A farkon kashi na biyu na al-Ƙanun ya kafa sharuɗɗa bakwai da dole a cika kafin a ce gwaji ya tabbatar da aikin magani. Ya ce dole maganin ya zama tsantsa, bai gauraya da wani abu ba, bai kuma lalace da zafi ko ajiya ba. Ka auna wannan da kwalbar da ba ta da sunan tsiro, ba ta da ranar ƙarewa, ta kuma wuni a rana a kan tebur. Mayuka masu tsada kamar na wardi suna cikin waɗanda aka fi yi wa algus. Ya ce a gwada a kan cuta ɗaya bayyananna, ba a kan mai fama da cututtuka barkatai ba, don a san wacce maganin ya taɓa. Ya ce a fara da kaɗan, a daidaita ƙarfin magani da ƙarfin cuta. Ya ce a lura da lokacin da sauƙi ya zo, domin idan ya zo a makare, mai yiwuwa ba maganin ne ya kawo shi ba. Mura takan warke da kanta cikin mako ɗaya ko kwana goma, ko ka shaƙi mai ko ba ka shaƙa ba. Ya kuma ce dole aikin ya maimaitu a kowane lokaci ko a mafi yawan lokuta, in ba haka ba dace ne kawai. Labarin maƙwabcinka da ya sha ya warke bai cika wannan sharaɗi ba.

Sharaɗin ƙarshe shi ne a yi gwajin a jikin ɗan Adam, domin abin da magani ya yi wa zaki ko doki ba hujja ba ne a kan mutum. Da ya ga ɗakunan binciken yau, da ya ƙara da faranti da kwalbar gwaji. Mafi yawan abin da kake ji cewa man kaza yana kashe ƙwayoyin cuta kaza, a faranti aka gani. A faranti man yana taɓa ƙwayar cuta kai tsaye. A jiki kuwa, idan ka sha, hanta za ta sarrafa shi ƙoda ta fitar, abin da zai isa huhu ko jini bai kai ya kashe komai ba. Idan ka ƙara yawa don ya kai, to ka tuna cewa ƙwayoyin halittarka ma da maiƙo aka lulluɓe su. Abin da ya huda fatar bakteriya zai ƙona maƙogwaro da ciki.

Wannan ba ya nufin ba su da amfani. Inda man zai taɓa wurin kai tsaye, an ga aikinsa a jikin mutane. Likitocin haƙori sun daɗe suna haɗa yujinol da hodar zinki su cike ramin haƙori na wucin gadi. Ruwan kurkure baki na Listerine, wanda aka fara haɗawa a 1879, yana aiki ne da taimol, mentol, sinadarin man itacen turare da wani na huɗu mai dangantaka da asfirin, kuma yana rage dattin da ke manne wa haƙori. Man na'a-na'a a cikin kafso na musamman mai wuce ciki ya narke a hanji yana sassauta wa wasu masu yawan murɗawar hanji. Amma babu wani man ƙamshi da zai maye gurbin maganin taifot, tarin fuka, ciwon sanyin huhu ko zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya ajiye maganin asibiti ya koma kan kwalbar mai a irin waɗannan cututtuka yana ba cutar lokaci ne.

Ga iyaye kuma akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Cokalin shayi ɗaya ko biyu na man kanumfari ya taɓa lalata hantar ƙananan yara. Man itacen turare da kafur suna iya sa yaro jijjiga idan ya haɗiya. Man da ake sa wa a magungunan shafawa na ciwon gaɓɓai, mai sinadarin metil salisilet, cokalin shayi ɗaya nasa ya kai ƙarfin ƙwayar asfirin ta manya wajen 20. Kada a shafa mai mai mentol ko kafur a hanci ko fuskar jariri, kada kuma a sa a cibiya. Likitocin yara a Nijeriya sun daɗe da lura da alaƙar hoda da mai masu mentol da tsananin shawara a jarirai masu wani ƙarancin sinadarin jini na gado. Mai juna biyu, mai asma, mai farfaɗiya da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita kafin su yi amfani da kowane irin mai. Idan za a shafa a fata, a sirka ɗigo ɗaya ko biyu a cokalin shayi na man zaitun ko man kwakwa. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man na iya faɗawa huhu. A ɗauki kwalbar a tafi asibiti nan take, ko da yaron yana wasa.

Ƙarshensa

Mu koma ga mutumin. Daga Jurjan ya tafi Rayyi, sannan Hamadan, inda ya yi wa Sarki Shamsud Daula maganin murɗawar ciki, sarki ya naɗa shi waziri. Sojoji suka yi masa bore suka wawashe gidansa, ya ɓuya kwana 40, sai ciwon sarki ya dawo aka nemo shi aka mayar da shi kujerarsa. Da rana yana aikin mulki, da dare almajirai su taru ana karanta al-Ƙanun da babban littafinsa na falsafa, al-Shifa. Bayan rasuwar sarkin a 1021 aka tsare shi wata huɗu a kurkukun Fardajan, a can ma rubutu ya ci gaba da yi. Daga baya ya sulale daga Hamadan cikin shigar sufaye ya nufi Isfahan, inda Sarki Ala'ud Daula ya karɓe shi hannu biyu. An kammala al-Ƙanun a wajen 1025.

Ciwon da ya sha warkar da sarakuna shi ya kama shi. Yana tare da Ala'ud Daula a wani yaƙi murɗawar ciki ta taso masa. Don tsoron kada runduna ta ja da baya a bar shi, ya matsa wa kansa ya warke da wuri, har ya ɗura wa kansa magani ta dubura sau takwas a rana ɗaya. Hanjinsa ya yi gyambo. Mutumin da ya rubuta cewa a fara da kaɗan, shi ne ya yi wannan gaggawa. Bayan haka ya umarci a sa ɗan kaɗan na irin seleri a cikin haɗin don ya kori iska, wanda shi ma iri ne mai man ƙamshi. Likitan da ke haɗawa ya zuba fiye da abin da aka ce. A ruwayar da ta fi yaɗuwa, an nemi sulusin dirhami aka zuba dirhami biyar, ninki 15 ke nan. Zafin irin ya ƙara yayyage gyambon. Jijjiga irin ta farfaɗiya ma tana kama shi, kuma a cikin maganin da yake sha dominta wani bawansa ya zuba ofiyom mai yawa, domin bayin sun ci masa dukiya suna tsoron ranar bincike.

Aka ɗauke shi zuwa Isfahan, ya ɗan farfaɗo har ya koma zaman fada, amma bai kiyaye kansa ba, ciwon yana tafiya yana dawowa. Da sarki ya tashi zuwa Hamadan ya bi shi, ciwon ya sake kama shi a hanya. Da suka isa ya gane ƙarfinsa ya ƙare, sai ya daina shan magani. Masu tarihi sun kawo cewa ya yi wanka ya tuba, ya raba dukiyarsa ga matalauta, ya 'yanta bayinsa, yana sauke Alƙur'ani duk kwana uku. Ya rasu a watan Ramadan na shekarar 428, wato 1037, yana da kimanin shekara 57, aka binne shi a Hamadan, inda kabarinsa yake har yau a ƙasar Iran.

A ƙarni na 12 Jerad na Kiremona ya fassara al-Ƙanun zuwa Latin a birnin Toledo. An buga shi da Larabci a Roma a 1593, kuma jami'o'in Mompeliye da Luben sun ci gaba da karantar da shi har wajen 1650. Sai bayan nan da wasu shekaru, a 1670 da 'yan kai, wani ɗan kasuwar yadi a Holan mai suna Lewenhuk ya leƙa ta madubin da ya goge da hannunsa, ya zama mutum na farko da ya ga bakteriya.